Filin Tambaya da Amsa: Riƙon Aikin Kimiyya Tsakanin Ƙasashe

Tun da na ambata a fitowar da ta gabata cewa na daɗe ina kula da takardu da kuɗin ayyukan bincike na haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe, wasiƙu suke ta shigowa. Yawancinsu daga malaman jami'a ne da ɗalibansu. Na zaɓi biyar. Wasu na rage musu tsawo, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Hajiya. Ni malamin jami'a ne, fannina ilimin sinadarai. Wani masani a Turai da muka haɗu a wurin taro ya aiko mini da takardar neman tallafi da ya riga ya rubuta, kan gano ragowar abubuwan fashewa a gonaki bayan yaƙi. Yana so in sa hannu a matsayin shugaban aikin na ɓangarenmu, kuma saura kwana goma a rufe karɓa. Abokaina na cewa kada in yi sanya, irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Me zan duba kafin in sa hannu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Dama ce, babu shakka, amma kwana goma sun ishi mutum ya karanta takarda, kuma ina so ka fara karanta ta daga baya. Shafukan farko, inda ake bayanin amfanin aikin ga zaman lafiyar duniya, kowa ya iya rubuta su. Ka wuce su tukuna, ka buɗe shafin kasafin kuɗi. A nan za ka ga ainihin matsayin da aka ajiye ka. Idan ka tarar na'urorin awo duk a ɗakin gwajinsa za a girke su, ɗaliban da za a horar duk nasa ne, kai kuma abin da aka ware maka kuɗin mota ne da na ɗebo ƙasa a leda ana aika masa, to sunan shugaba kawai aka ba ka, aikin ɗan aike za ka yi shekara uku.

Daga nan ka tambayi kanka ko tambayar da aikin ke son amsawa taka ce. Kai ka san irin ƙasar da za a auna, ka san watannin da ruwa ke hana shiga fili, ka san hukumar da ke da alhakin tone nakiyoyi da nauyin kayan da ma'aikacinta zai iya saɓawa a kafaɗa ya yini da su. Masu ba da tallafi a wannan fanni sukan tambayi wanda zai yi amfani da sakamakon idan an gama, kuma suna son ganin wasiƙa daga hannunsa. Kada ka yarda a samo wasiƙar nan don cika sharaɗi kawai. Ka je da ƙafarka ka zauna da mutanen, ka ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Sau da yawa abin da suke buƙata ya fi wanda ke cikin takardar sauƙi, ya kuma fi shi amfani.

Sai maganar samfur da bayanai, wadda ita ta fi raba abokan aiki. A 2007 Indonesiya ta daina aika samfurin ƙwayar murar tsuntsaye ga cibiyoyin Hukumar Lafiya ta Duniya. Hujjarta ita ce ana karɓar samfur daga majinyatanta kyauta, kamfanoni su haɗa rigakafi da shi, sannan su sa masa kuɗin da ita ba za ta iya biya ba. Sai da aka yi shekara huɗu ana ja-in-ja kafin a amince a 2011 da tsarin da ya sa kamfanonin da ke amfana su riƙa ba da nasu kason. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ita ma kan irin wannan rabo take, game da tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin halitta. Naka aikin ƙasa ce da sinadarai, amma rikicin iri ɗaya ne. Ku rubuta yanzu, tun kuna ɗasawa: wa ke ajiye ɗanyen bayanan awo, kuma shin kowane ɓangare zai sami kwafinsa a rana guda; wa ke da izinin ganin taswirar wuraren da aka gano abin fashewa, domin taswira irin wannan tana iya zama makami a hannun da bai dace ba; yadda za a jera sunaye idan za a buga sakamako a mujalla; da rabon haƙƙin mallaka idan an ƙirƙiro abin sayarwa. Mutane kan ji nauyin ɗaga waɗannan maganganu a farko, wai kada a ce ba su yarda da abokin aiki ba. Ranar da sakamako mai kyau ya fito, kunyar nan za ta gushe, sai dai a lokacin babu takardar da za a koma a duba.

Kayan aiki kuma su ne ke cinye lokaci. Na taɓa tsayawa a rumbun ajiyar kaya na wani filin jirgin sama ina kallon wani akwatin katako da ya kai ƙirjina, an manna masa 'yar alamar nan da ke sauya launi idan an karkata akwati. A cikinsa akwai na'urar tantance sinadarai da aka daɗe ana jira. Takardar yafe harajin kwastan ta ƙi fitowa, saboda sunan cibiyar da ke kan takardar jirgi ya bambanta da wanda ke kan yarjejeniya da kalma ɗaya tak. Kullum kuɗin ajiya na hawa, kuma ba a ware masa ko sisi a kasafi ba. Wa'adin garantin kamfani na tafiya. Ɗaliban da aka ɗauka domin na'urar suna zaune ba abin yi. Da akwatin ya samu fitowa, 'yar alamar ta riga ta koma ja, sai da aka jira injiniyan kamfani ya zo ya duba kafin a kunna.

Wannan ƙaramin lamari ne idan aka kwatanta da abin da masanan Ingila da Amurka suka sha lokacin da Koriya ta Arewa ta gayyace su a 2011 su binciki dutsen Paektu mai aman wuta, wanda ke kan iyakarta da Sin. Saboda takunkumi, kusan shekara biyu suka yi suna neman lasisin fita da kaya, sai a 2013 suka kafa na'urorin auna girgizar ƙasa guda shida. Wata na'urar ma dole suka haƙura da ita, domin ana iya amfani da irinta wajen gano jirgin ruwan yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku. Duk da haka aikin ya yiwu, kuma da aka buga sakamakon a 2016 sunan masanin Koriya ta Arewa ne a farko. Na'urar gano abin fashewa tana cikin irin kayan da ake sa wa ido, don haka ka tambayi abokinka ko ya tuntuɓi ofishin da ke ba da lasisin fita da kaya a ƙasarsa, kuma wata nawa ya ware wa jira.

Ka kira shi gobe, ka faɗa masa gyare-gyarenka ba kwana-kwana. Masani na kirki zai ji daɗi, domin masu tantancewa suna gane takardar da mutum ɗaya ya rubuta wa mutum biyu. Ka kuma kai wa ofishin bincike na jami'arku tun yanzu, tunda jami'ar ce za ta ɗauki alhakin kuɗin a gaban doka. Idan ya ce babu lokacin gyara, sa hannu kawai yake so, to ka bar wannan zagayen ya wuce.

TAMBAYA: Anti, na ga a intanet cewa ƙungiyar tsaro ta NATO tana ba masu bincike kuɗi da sunan kimiyya don zaman lafiya. Ni abin ya ɗaure mini kai. Ƙungiyar soja me ya haɗa ta da jami'a? Ba dabarar leƙen asiri ba ce? Kuma kowa zai iya nema?

AMSA: Ƙanena, shirin gaskiya ne, kuma ya girme ka. A 1956 ministocin harkokin waje uku, Lester Pearson na Kanada, Gaetano Martino na Italiya da Halvard Lange na Norwe, suka rubuta wa ƙungiyar rahoto cewa ƙawance ba ya ɗorewa da bindiga kaɗai. Daga nan aka kafa shirin kimiyya a 1958. A 2006 aka haɗe shi da wani kwamiti mai kula da matsalolin muhalli da zamantakewa, ya koma Shirin Kimiyya don Zaman Lafiya da Tsaro.

Yadda yake aiki: kowane aiki sai da shugabanni aƙalla biyu, ɗaya daga ƙasar da ke cikin NATO, ɗaya daga ƙasar da ke ƙawance da ita. Akwai ayyukan bincike na shekara biyu zuwa uku, akwai tarukan ƙara wa juna sani da kwasa-kwasan horo na 'yan kwanaki. Masana masu zaman kansu ne ke fara tantance takardar ta fuskar kimiyya, sannan wakilan ƙasashen ƙungiyar su amince ko su ƙi. Shugaban da ke ɓangaren NATO shi ke riƙe da alhakin kuɗi. Kuɗin na kayan aiki ne da tafiye-tafiye da horo da alawus ɗin matasan masu bincike. Albashin shugabannin aiki yana wuyan cibiyoyinsu. A cikin abin da shirin ya yi akwai kai intanet jami'o'in Asiya ta Tsakiya da Afganistan, da mayar da fiye da tan 1,000 na wani mugun sinadarin man roka da sojan Sobiyet suka bari a Azabaijan ya zama abin gyara ƙasar noma, da taimaka wa Muritaniya kafa cibiyar kula da agajin gaggawa.

Ba kowa ke iya nema ba. A Afirka ƙasashe biyar ne ke cikin wannan ƙawance: Muritaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Masar. Wanda ƙasarsa ba ta ciki sai ya dubi wasu ƙofofin, irin shirin haɗin gwiwar fasaha na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ko shirye-shiryen bincike na Tarayyar Turai, ko cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964.

Game da zarginka, ba na so in raina shi. Ayyukan shirin na farar hula ne, ana buga sakamakonsu a fili. Amma kuɗin ƙungiyar tsaro ne, kuma ita ke zaɓar fannonin da take so: yaƙi da ta'addanci, tsaron intanet, kariya daga makamai masu guba, gano nakiyoyi. Siyasa ma tana shiga. A 2014 ƙungiyar ta dakatar da aiki da Rasha bayan Rashar ta karɓe Kirimiya, ayyukan kimiyya ma suka tsaya. Duk mai ba da kuɗi yana da abin da yake so. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne ya san muradin, ya duba ko ya zo daidai da buƙatar mutanensa, kuma ya tabbata hukumomin ƙasarsa sun san abin da yake yi.

TAMBAYA: Hajiya, ni tsohon soja ne, na yi ritaya. Na ga yaƙi da idona. A ganina wannan magana ta kimiyya don zaman lafiya daɗin baki ne kawai. Wane yaƙi masana suka taɓa hanawa?

AMSA: Ranka ya daɗe, wanda ya ga yaƙi da idonsa ba ni zan koya masa mene ne yaƙi ba. Kuma ba zan ce maka ɗakin gwaji yana tsayar da tankar yaƙi ba. Cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke Jeneba, wadda ƙasashen Turai 12 suka kafa a 1954 da sauran zafin Yaƙin Duniya na Biyu a zukata, ta riƙe masanan Rasha da na Amurka a ɗaki ɗaya a zamanin yaƙin cacar baki. Amma bayan mamayar Yukren ta yanke hulɗa da Rasha a ƙarshen Nuwamban 2024. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, kuma hujja ce a ɓangarenka.

To amma bari in ba ka labarin SESAME. Na'ura ce mai siffar zobe, kewayenta mita 133, ana kora ƙwayoyin lantarki a cikinta da gudu har su fitar da haske mai tsananin ƙarfi da ake leƙa cikin abubuwa da shi: ƙwayar magani, gurɓatacciyar ƙasa, tsohon rubutun hannu. Tana garin Allan a Jodan. Masu ita su ne Jodan, Masar, Iran, Isra'ila, Falasɗinu, Pakistan, Turkiyya da Saifurus. Ka sake karanta jerin nan. Iran da Pakistan ba su amince da Isra'ila a matsayin ƙasa ba, Turkiyya ba ta amince da gwamnatin Saifurus ba. Wakilan waɗannan gwamnatoci ke zama a majalisa ɗaya suna amincewa da kasafin kuɗi.

Yadda aka riƙe aikin shi ne abin da nake so masu karatu su lura da shi. Da farko tsohuwar na'ura ce Jamus ta bayar kyauta. Da an tsaya a nan, da an sami wurin ɗaukar hoto da musabaha, masana na gaske kuwa su ci gaba da tafiya Turai. Sai aka yanke shawarar a mayar da tsohuwar ta zama matakin farko kawai, a gina sabon zobe da zai yi gogayya da na ko'ina. Wannan shawara ta ƙara kuɗi da shekaru, amma ita ta sa wurin ya zama abin da kowace ƙasa ke jin asara idan ta fita. An sa shi ƙarƙashin inuwar UNESCO, don kowace gwamnati ta iya cewa da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya take hulɗa. An kwaikwayi tsarin CERN, wadda dokar kafa ta ta haramta aikin soja ta kuma wajabta bayyana sakamako. Lokacin amfani da na'urar kuma ingancin takardar mai bincike ke ba shi, ba tutar ƙasarsa ba.

Masifu sun faɗa wa aikin. A 2010 aka kashe masanan Iran biyu da ke da alaƙa da shi, Masoud Alimohammadi da Majid Shahriari, a hare-haren bam daban-daban a Tehran. A 2012 Iran da Isra'ila da Jodan da Turkiyya suka yi alkawarin dala miliyan 5 kowace, amma takunkumin banki ya sa biyan kason Iran ya zama jidali. A Disambar 2013 dusar ƙanƙara ta rufta rufin ginin. Majalisar ba ta watse ba, kuma ranar 16 ga Mayun 2017 Sarki Abdallah na Biyu ya buɗe wurin. SESAME ba ta hana yaƙi a yankin ba, kowa ya gani. Abin da ta yi shi ne ta samar da mutane a ƙasashe takwas da suka san lambar wayar juna, suka san wanda ke cika alkawari.

Akwai kuma inda aikin masana ya taɓa makamai kai tsaye. Tsakanin 1993 da 2013 Rasha ta sirka tan 500 na yuraniyom ɗin bam, wanda ya isa haɗa kawunan makami kusan 20,000, ta sayar wa Amurka a matsayin man tashoshin lantarki. Yarjejeniyar hana gwajin nukiliya ta 1996 har yau ba ta fara aiki a hukumance ba, amma tsarin sa-ido da aka shirya mata, mai tashoshi da ɗakunan gwaji 337, ya ji duk gwaje-gwaje shida da Koriya ta Arewa ta yi daga 2006 zuwa 2017, kuma bayan bala'in igiyar teku na 2004 aka fara ba cibiyoyin gargaɗi bayanansa. Yarjejeniya tsakanin maƙiya tana buƙatar wanda zai auna ya ce an cika ko ba a cika ba, kuma ɓangarorin biyu su yarda da awonsa. Kai da ka yi soja ka fi ni sanin abin da jita-jita ke haifarwa a bakin daga.

TAMBAYA: Mama, ina digiri na biyu a ilimin ƙananan halittu, a cikin wani aiki da ya haɗa ƙasashe uku. Shugabanmu ya ce kafin a buga sakamakonmu sai wani kwamiti ya duba ko wani zai iya amfani da shi ya cutar. Ni ina ganin ɓata lokaci ne, mu da muke neman magani.

AMSA: 'Yata, shugabanku ya yi daidai, kuma ki gode Allah da kika faɗa hannunsa. A 2011 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Rotadam ta Holan ƙarƙashin Ron Fouchier, ɗaya a Wiskonsin ta Amurka ƙarƙashin Yoshihiro Kawaoka, suka nuna cewa 'yan sauye-sauye kaɗan sun isa su sa ƙwayar murar tsuntsaye ta riƙa yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji masu shayarwa. Niyyarsu a shirya wa annoba tun kafin ta zo. Amma wani kwamitin ba da shawara na gwamnatin Amurka ya nemi a cire bayanin hanyar da suka bi, masana suka dakatar da irin wannan bincike da kansu na wani lokaci, gwamnatin Holan kuma ta ce sai an nemi lasisin fita da kaya kafin a aika rubutun ga mujalla. An buga duka biyun a 2012, bayan muhawara mai zafi da har yau ba ta mutu ba.

Na kusa-kusa kuma, a 2022 wasu masu haɗa magunguna suka bayyana cewa sun juya manhajar da ke taya su guje wa guba, suka sa ta nemo guba. Cikin ƙasa da awa shida ta zano ƙwayoyin sinadari 40,000, har da irin VX mai kashe jijiya. Sun sanar da duniya haɗarin, jerin kuwa suka riƙe shi. Su ma magani suke nema, kamar ku.

A aikin ƙasashe uku abin ya fi sarƙewa, domin kowace ƙasa da dokarta. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1540 na 2004 ya wajabta wa kowace gwamnati ta hana irin waɗannan kaya da fasahohi faɗawa hannun ƙungiyoyin ta'adda, kuma a wasu ƙasashe aika bayani ta imel ga abokin aiki a waje daidai yake da fita da kaya. Abin da nake so ki nema wa kanki shi ne adalci a cikin tsarin. A sa wa kwamitin wa'adi a rubuce, kwana kaza, don kada digirinki ya maƙale. A sa masana daga ƙasashen uku a cikinsa, kada ɓangare ɗaya ya zama alƙali sauran su zama abin zargi. Idan kuma aka ce a cire wani abu, a faɗa miki dalili.

TAMBAYA: Hajiya, ni akanta ce a ofishin bincike. Matsalarmu kuɗi: ba sa zuwa kan lokaci, idan sun zo canji ya cinye wani kaso, masu bincike kuma ba sa kawo rasit. Sannan aiki na ƙarewa na'urori su mutu. Ina mafita?

AMSA: 'Yar'uwa, ke ce ginshiƙin aikin, ko da ba a sa sunanki a mujalla. Yawancin masu ba da tallafi kashi-kashi suke biya, kuma kashi na gaba yana jiran rahoton da ya gabata. Jinkirin da ake ɗora wa bankuna sau da yawa daga teburin mai binciken da bai miƙa rasit ba yake farawa. Ki zauna da su tun makon farko, ki nuna musu fom ɗin rahoton da idonsu, ki sa ranar rufe lissafi kowane wata maimakon jiran wata shida. Ki buɗe wa aikin asusunsa daban. Idan doka ta yarda, a ajiye kuɗin a irin kuɗin wajen da aka turo su, manyan na'urori kuma a biya kamfani kai tsaye daga waje. Ki tambayi mai tallafin a rubuce da wane farashin canji zai yi lissafi, na ranar turowa ko na ranar kashewa. Duk sauyin da za a yi a kasafi a nemi izini kafin a kashe.

Akwai misali da nake yawan bayarwa. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, masanan da suka san haɗa makaman ƙare-dangi suka wayi gari ba albashi. A 1992 Amurka da Turai da Japan da Rasha suka amince da kafa wata cibiya a Mosko da za ta ba su aikin farar hula, don kada yunwa ta kai su inda ba a so. Dabararta mafi amfani ta akanta ce: kuɗin kowane masani kai tsaye yake shiga asusunsa na banki, ba haraji, bisa takardar awannin da ya yi aiki, masu binciken kuɗi kuma suna zuwa su duba. Dubban masana ne suka ci moriyarta kafin Rasha ta fice a 2015, hedikwatar ta koma Astana ta Kazakistan.

Mutuwar na'ura kuwa tun ranar saye ake hana ta. Ita kanta SESAME kuɗin wutar lantarki ya so ya durƙusar da ita, sai da aka gina mata tashar hasken rana da kuɗin Tarayyar Turai a 2019. Kafin ki sa hannu a takardar sayen kowace na'ura, ki nemi a nuna miki kuɗin wutarta da iskar gas da sinadaran da take ci a shekara, da kwangilar gyara da ta wuce ƙarshen aikin, da sunayen ma'aikata biyu na dindindin da za a horar a kanta, ban da ɗalibai masu wucewa. Sannan shugaban cibiyarku ya rubuta wasiƙa cewa daga ranar da tallafi ya ƙare kasafin cibiyar zai ɗauki waɗannan kuɗaɗe, ki ajiye kwafinta a fayil ɗin na'urar.